Yadda Ake Koya Wa Kwamfuta Manɗiƙi

'Yan'uwana ɗalibai, ran da muka fita gwajin koyarwa na ce wa yaran aji uku, "Kowane ɗan'uwan uwa kawu ne. Audu ɗan'uwan uwar Ladi ne." Kafin in rufe baki suka ce, "Ashe Audu kawun Ladi ne!" Abin da yaran nan suka yi shi malamai ke kira manɗiƙi, watau fid da sabuwar magana daga maganganun da aka riga aka sani. Aristotal, mutumin Girka, ya tsara ƙa'idodinsa fiye da shekara 2,300 da suka wuce. To, ina so in bayyana muku yadda ake sa kwamfuta ta yi haka, da wahalar da ke ciki.

Da fari sai a rubuta mata ilmi cikin wani harshe mai ƙa'ida, a nuna jinsin kowane abu da dangantakarsa da sauran. Mafi shahara cikin harsunan nan shi ne OWL, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idodin yanar gizo ta tabbatar a 2004. Likitoci kuwa suna da kundin SNOMED CT, mai sunayen cututtuka da gaɓoɓi da ayyukan asibiti fiye da 300,000. In likita ya nemi dukan masu karaya a ƙafa, lalle ne kwamfuta ta gane da kanta cewa mai karayar ƙashin cinya yana cikinsu. In ta tsallake shi, lissafin asibiti ya ɓaci.

Wani zai ce, me zai hana a ba harshen ikon faɗin kome? Ai kwaɗayi mabuɗin wahala. Tun 1936 Alonzo Church da Alan Turing suka tabbatar, cikakken manɗiƙi ba shi da wata hanya guda wadda za ta warware kowace tambaya. Akwai tambayar da na'ura za ta yi ta lissafi a kanta har abada ba ta tsaya ba. A 1984 kuma Brachman da Levesque suka nuna ɗan ƙari kaɗan a harshe yana iya mai da aiki mai sauƙi ya zama mai tsananin nauyi.

Ku duba kalmar nan "ko". In an ce dabba namiji ce ko mace, hanya ta rabu biyu. In irin wannan magana ta kai 30, hanyoyin da za a iya bi sun wuce miliyan dubu. Saboda haka masana suka ware wani ƙaramin harshe mai suna EL, wanda babu "ko" a cikinsa. A 2005 Franz Baader da abokan aikinsa a Dresden ta Jamus suka bincika abin da za a iya ƙara masa ba tare da aikin ya yi nauyi ba. Da irin wannan harshe kwamfuta ke jera kundin likitocin nan duka cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Mu komo kan kawu. OWL na 2004 ba ya iya faɗin abin da yarana suka gane, don sai an sarƙa dangantaka biyu, ta uwa da ta ɗan'uwa. An gwada ƙara masa dokoki na "in kaza, to kaza", sai matsalar lissafi marar ƙarewa ta komo. Aka sami dabara biyu. Ta fari, dokar ta hau kan waɗanda aka ambaci sunansu kaɗai, kamar yadda malami ke kiran waɗanda ke cikin rajista. Ta biyu ta zo cikin OWL 2 a 2009, inda aka yarda a sarƙa dangantaka, amma da sharaɗin kada sarƙoƙin su riƙa kewayowa suna dogara da juna barkatai. Sa'an nan aka ware masa ƙananan rassa uku, EL da QL da RL, kowa ya ɗauki wanda ya dace da aikinsa.

Ke nan duk wanda zai ƙara wa harshen wani abu, sai ya kawo hujja cewa lissafin zai ƙare, ya kuma auna tsawon lokacin da zai ci. Mu ma da za mu tsaya gaban allo mun san haka, in darasi ya cika yawa, sai a buga ƙararrawa yara ba su kama kome ba.

Mai son gwadawa ya nemi Protégé, manhajar da Jami'ar Stanford ta Amurka ke bayarwa kyauta. Ya rubuta dangin gidansu, ya ga ko kwamfuta za ta bambanta kawu da baffa.