Zabirar Matafiyi

Jama'a, duk wanda ya taɓa leƙa zabirar wanzami ya san amfanin ware kaya: aska da aljihunta, magani da nasa. To, irin wannan dabara ce ta iso ga matafiya. Waɗansu 'yan jakunkuna ne na yadi, masu kusurwa huɗu da zif, ana jera su cikin akwati kamar tubali.

Mai tafiyar kwana biyu ko uku, guda uku sun ishe shi: babba domin riguna da wanduna, matsakaiciya domin 'yan ciki da safa, ƙarama domin magani, kada ciwo ya tashi da dare a tsaya zazzage akwati. Kafin ya saya, ya auna cikin akwatinsa. Ya kuma gwada zif, gama daga nan suke fara lalacewa. Mai murfin raga ta fi, don ana ganin abin da ke ciki, iska kuma tana shiga. Amma tufafin da aka tuɓe, sai rufaffiya.

Akwai wata mai zif biyu wadda ke matse kaya. A yi hattara da ita. Girma take ragewa, ba nauyi ba, ga shi kuwa kamfanonin jirgin sama da yawa kilo 7 suka yanke wa jakar hannu. Tana kuma yamutsa shadda. Saboda haka babbar rigar zuwa ɗaurin aure, a ninke ta a shimfiɗa bisa kaya, kada mutum ya ji kunya cikin taro.

Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.