Jirgin ƙasa na wasa mai karɓar umarni daga kwamfuta: abin da ya kamata uwa ta sani kafin ta saya

Duk uwar da ta taɓa saya wa yara biyu abin wasa ɗaya ta san inda zancen yake ƙarewa. Haka masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa suka daɗe suna fama a Turai da Amurka, har da dattawa masu furfura. A tsohon tsari, wutar da aka sakar wa layin dogon ita ke juya komai. Aka ƙara ta, duk jiragen da ke kan layin su ruga tare; aka rage, su lafa tare. Babu halin wa ya tsayar da nasa a tasha, ƙane ya wuce da nasa.

Abin da ya raba gardamar wani ɗan allon lantarki ne da bai fi kan babban yatsa girma ba, ana ce masa dikoda. A cikin kan jirgin ake saka shi. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya ƙirƙiro tsarin a shekarun 1980, daga baya ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta karɓe shi a shekarun 1990 ya zama ma'aunin da kamfanoni da yawa ke bi. Sunansa DCC. A wannan tsari kullum akwai wuta a kan layin, kuma a cikin wutar ake cusa saƙo. Kowane kan jirgi yana da lambarsa, kamar lambar waya. Saƙon da ba nasa ba, ko kallonsa ba ya yi.

Kowa sunansa 3

Ga inda sababbin shiga ke fara tuntuɓe. Kusan kowace sabuwar dikoda da lamba 3 take fitowa daga masana'anta. Idan kika sayo jirage biyu kika ɗora su a layi, kin koma gidan jiya: a kira ɗaya, biyu su amsa. Dole a raɗa wa kowanne sunansa.

A cikin dikodar akwai wasu gurabe na ajiye lambobi da ake kira CV. Ki ɗauke su kamar jerin ƙananan gwangwanaye a kan kanta, kowanne da lambarsa a jiki, kowanne kuma yana ɗaukar adadi daga 0 zuwa 255. CV1 shi ne sunan jirgin. CV2 yana faɗin ƙarfin wutar da zai fara motsi da ita. CV3 shi ke sa ya ɗauki gudu a hankali kamar jirgin gaske mai jan kaya, CV4 kuma ya sa ya yi ta rage gudu kafin ya tsaya, maimakon ya ci birki kwatsam. CV5 yana ƙayyade iyakar gudunsa. Wannan na ƙarshen uwa za ta so shi, domin da shi ake hana yaro mai zafin hannu wurgo jirgi ƙasa a kan kwana.

Ana iya shigar da waɗannan lambobi da hannu, ta maɓallan na'urar sarrafawa. Amma dubi wannan misali. A ce yaro yana son jirginsa ya amsa lamba 1234 da ke rubuce a jikinsa. Gwangwani ɗaya ba zai ɗauki adadin ba, sai an raba shi gida biyu. A raba 1234 da 256, a samu 4, saura 210. A haɗa 4 da 192 a zuba 196 a CV17, a zuba 210 a CV18. Ba a gama ba: sai an ƙara 32 a kan abin da ke cikin CV29, in ba haka ba jirgin zai ci gaba da amsa tsohon sunansa. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya sa jirgi ya yi shiru, ko ya riƙa tafiya da baya, a yi ta zaton ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau.

Inda manhaja ta shigo

Wannan wahala ce ta haifar da DecoderPro, ɓangare na manhajar JMRI. Bob Jacobsen, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, shi ya assasa ta, kuma 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban ne ke ci gaba da gina ta. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, har da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi.

Maimakon lambobi tsirara, manhajar tana nuna shafuka masu bayani: nan suna, nan gudu, nan fitilu, nan sauti. Yaro ya rubuta 1234, ita ta yi rabawar ta zuba kowane adadi a gurbinsa. Akwai shafin da ke nuna matakan gudu 28 kamar tsani, a ja wannan sama a ja wancan ƙasa har tafiyar jirgin ta yi daɗin kallo. Idan dikodar mai sauti ce, a nan ake rage ƙarar ham da rugugin inji, abin da duk mai jariri a gida za ta yi godiya da shi.

Kwamfutar tana bukatar ɗan aike tsakaninta da layin. Wasu na amfani da SPROG, wata 'yar na'ura ta Ingila da ake jonawa ta USB; wasu su haɗa nasu da allon Arduino da tsarin DCC-EX, wanda ya fi sauƙin kuɗi. Ana ware wani guntun layi daban don wannan aiki, mai ƙarancin wuta, kuma jirgi ɗaya tak ake ɗorawa. Aka manta aka bar biyu, duka za su haɗiye umarni iri ɗaya. Lokacin da kwamfuta ke karanta dikodar za ki ga jirgin yana ɗan zabura. Kada ki tsorata, ta haka yake amsawa: yana jan wuta na ƙiftawar ido don ya ce "e".

Wayarki ma tana da rawar takawa. Ba a cikinta ake saka JMRI ba, amma da manhajar Engine Driver a Android ko WiThrottle a iPhone, waya tana zama abin tuƙi ta wayafai. Yara biyu, waya biyu, jirage biyu, layi ɗaya.

Abin da yaro ke tsinta

Masu wannan harka suna da ƙa'idar da suke nanata wa sabon shiga: karanta abin da ke cikin dikodar tukuna, ka adana shi, ka canza abu ɗaya, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Manhajar tana ajiye wa kowane jirgi fayil ɗinsa, don haka idan abu ya rikice ana iya mayar da shi yadda yake jiya. Yawancin dikododi ma suna da hanyar komawa yadda suka fito daga masana'anta, galibi ta CV8, sai dai adadin da ake zubawa ya danganta da kamfani, a duba takardar da ta zo da ita.

Yaron da ya saba da wannan ya koyi haƙuri da bin matsala daki-daki. Ya kuma taɓa ainihin lissafin kwamfuta da hannunsa, domin CV29 jerin makunnai ne masu daraja 1, 2, 4, 8, 16, 32, kuma jimillar waɗanda aka kunna ita ce adadin da ake gani. Sa'ar da ya yi a gaban allo ta ƙare da wani abu yana motsi a kan tebur.

Kafin ki buɗe jaka

Harkar tana cin kuɗi, kuma akasarin kayan daga waje ake yin odarsu. Ki fara da kan jirgi ɗaya da layi zagaye ɗaya. Ki tabbatar girman ya dace da juna: samfurin HO kashi 1 cikin 87 ne na jirgin gaske, N kashi 1 cikin 160, OO na Ingila kashi 1 cikin 76. Ki nemi wanda aka riga aka saka wa dikoda, ko mai soket da za a cusa ta kawai. Tsohon jirgi yana bukatar a raba wayoyin motarsa da na layi kafin a haɗa, in aka yi sakaci dikodar ta ƙone nan take, kuɗi sun tafi.

Wutar kan layin ba ta da yawa, wajen volt 12 zuwa 16 ce a waɗannan samfura, amma abin da ake jonawa a bango aikin babba ne. Kamfanoni da yawa suna rubuta shekara 14 zuwa sama a kwalin saboda ƙananan sassa, don haka a nisanta su daga masu rarrafe. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, a yi aikin da laftof mai caji, a kuma saka abin kariya daga hauhawar wuta.

In kina son gwada ko sha'awar ta gaske ce, ki nuna masa bidiyon Miniatur Wunderland na birnin Hambag, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Idan ya ce "ya yi kyau" ya wuce, kin huta. Idan ya tambaye ki yadda aka yi jiragen ba sa karo, to ki fara tanadi.