Willie Dixon da Haƙƙin Mai Tsara Waƙa

A rumfunan masu tura waƙoƙi a Kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna, da sunan mawaƙi ake tambayar waƙa. Ba mai cigiyar wanda ya tsara baitukan, balle makaɗin da ke baya. Haka abin yake a Chicago ta Amurka lokacin da Willie Dixon ke aiki a kamfanin faifai na Chess.

An haifi Dixon a 1915 a Vicksburg, jihar Mississippi. Ya koma Chicago a 1936, ya ɗan taɓa dambe kafin kiɗa ya ja shi. Bas yake kaɗawa, wani abu mai kama da ƙaton goge mai tsirkiya huɗu, ana kafa shi a ƙasa, makaɗi na tsaye yana fizgar tsirkiyar da yatsu. Amonsa can ƙasa yake. Mai saurare bai cika lura da shi ba, amma shi ke riƙe wa sauran makaɗa sawu.

Babban aikinsa dai tsara waƙar bulus ne, wato waƙar da jikokin bayi suka ƙirƙiro a kudancin Amurka. Yakan auna muryar mutum tukuna. Ya ba mawaƙi Muddy Waters mai taƙama "Hoochie Coochie Man" a 1954. Howlin' Wolf mai gurnani ya samu "Little Red Rooster". Da 'yan ƙungiyar kiɗa ta Rolling Stones suka sake rera wannan ta biyun a 1964, ita ta zo ta ɗaya a Ingila.

To, ina kuɗin? A wajen doka, waƙa guda dukiya biyu ce. Akwai baituka da karinsu, wannan na wanda ya tsara ne. Akwai kuma muryar da aka naɗa, wadda galibi ta mai kamfani ce. Duk wanda ya sake rera waƙar, ko ya sa ta a rediyo ko fim, akwai ladan mai tsarawa, ko da ba a ji muryarsa ba. Sai dai ladan ta hannun kamfanin da aka damƙa wa waƙar yake biyowa, kuma nan ake yin ciki da shi. Dixon ya sa hannu a takardun Arc Music, reshen Chess, sai a 1977 shi da Muddy Waters suka maka su a kotu, aka sasanta. A 1985 ya kai ƙarar ƙungiyar kiɗa ta Led Zeppelin kan "Whole Lotta Love", wadda ta ɗebo daga waƙarsa "You Need Love". Yanzu sunansa na jikin waƙar tasu. Ya kafa gidauniyar Blues Heaven don agaza wa mawaƙa kan haƙƙinsu, ya rasu a 1992.

Mu a nan, a fili ake sallamar mawaƙi: liƙi, riga, doki, mota. Hakan ya ishi zamanin Shata, amma waƙar da ke yawo a waya ba wanda ke yi mata liƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba mai tsara waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwarsa. Matasan da ke rubuta wa wasu baituka a situdiyo, ku daina sayar da su da fatar baki. A rubuta yarjejeniya, a sa sunanku da kasonku, kowa ya riƙe kwafinsa.