Olafur Eliasson, mutumin da ya rataya rana a cikin zaure

Daga Oktoban 2003 zuwa Maris na 2004, mutum kusan miliyan 2 suka shiga babban zauren gidan baje kolin Tate Modern da ke Landan don ganin wata rana ta ƙirƙira. Rabin da'ira ce kawai, da ɗaruruwan fitilu masu hasken rawaya a bayanta. Madubin da aka shimfiɗa a rufin zauren shi ya cike ɗaya rabin. Na'urori suna fesa hazo a hankali. Manya da yara suka riƙa kwanciya rigingine a ƙasa, kowa na ɗaga hannu yana neman kansa a madubin sama.

Mai wannan aiki, Olafur Eliasson, an haife shi a Kopenhagen a 1967, iyayensa 'yan Aislan ne. Ya yi karatu a kwalejin fasaha ta masarautar Denmak, ya buɗe ɗakin aikinsa a Berlin a 1995, inda yau masu zanen gine-gine da ƙwararrun masu sana'ar hannu suke aiki tare da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya ɓoye dabararsa. Duk wanda ya zagaya bayan ranar nan a lokacin yakan ga wayoyi da ƙarafa tsirara, kuma hakan bai rage mata kwarjini ba. A ganinsa launi a idon mai kallo yake haɗuwa. Wani ɗaki da ya shirya a 1997 hujja ce: babu komai a ciki sai fitilun rawaya zalla, irin waɗanda ke shanye sauran launuka. Jar riga ta koma toka-toka, fuskar abokinka ta zama kamar tsohon hoto. Da ka fito, farin bango sai ya yi maka shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci, don ido ya gaji da rawaya.

A 2011 ya ɗora zagayayyen barandan gilashi mai tsawon mita 150, da launukan bakan gizo, a kan gidan tarihi na ARoS a birnin Aarhus.

Shekara guda bayan haka shi da injiniya Frederik Ottesen suka fito da Little Sun, 'yar fitila mai aiki da hasken rana, siffar furen meskel na Habasha, don gidajen da wutar lantarki ba ta kai ba. Wasu na cewa wannan kasuwanci ne, ba fasaha ba. Ban ga abin ja-in-ja a nan ba: ana sayar da ita da tsada a shagunan gidajen tarihi na Turai domin ta yi araha a ƙauyukan Afirka.