Diyyar Ɓata Suna: A Auna Ɓarna Kafin a Yanke Kuɗi

Da zarar ruwa ya fara janyewa daga fadamar Kogin Haɗeja, manoman Guri da Kirikasamma da Auyo sukan bi danshi da shuka, makiyaya kuma su gangaro da shanu neman ɗanyar ciyawa. A irin wannan lokaci ba a rasa ƙorafin ɓarna. In shanu suka faɗa gonar shinkafa, mai gona yakan garzaya wurin bulama, a aika a kira arɗo, dattawa su taka har gonar. Tambayoyinsu sanannu ne. Da gaske an yi ɓarnar? Sawun shanun wa ke nan? Ina iyakar inda suka ci, kuma buhu nawa wurin zai bayar da an bar shi ya nuna? Mai gona yana iya rantsewa cewa asararsa ta kai buhu hamsin, amma abin da ido ya gani shi ake biya. Babu dattijon kirki da zai ce a kaɗa garke sukutum a ba shi saboda an cinye masa kusurwar gona.

Wannan ma'aunin ya kamata a riƙa ɗauka zuwa kotu idan aka yi ƙarar jarida kan ɓata suna. Mutunci gona ce da mutum yake shekaru yana nomawa, labarin ƙarya guda kuma yana iya tattake ta a dare ɗaya. Saboda haka wanda aka yi wa ƙage yana da haƙƙin neman diyya. Matsalar tana wurin adadin da manya suke ambata.

A watan Oktoba na 2018 jaridar Daily Nigerian, ta Ja'afar Ja'afar, ta wallafa bidiyon da ta ce yana nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli daga hannun 'yan kwangila. Gwamnan ya musanta, ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Jihar Kano yana neman diyyar naira biliyan 3. A watan Yuli na 2021 ya janye wannan ƙarar, kotu kuma ta umarce shi ya biya ɗan jaridar da kamfaninsa naira 800,000 kuɗin ɗawainiya. An rufe ta ba tare da alƙali ya yanke hukunci kan sahihancin bidiyon ba. Wato an yi kusan shekara uku ana ja-in-ja a kan diyya, ba a kai ga taka gonar ba.

Kuɗi irin naira biliyan 3 ya fi ƙarfin yawancin jaridun ƙasar nan, ko da za a haɗa ofishi da kwamfutoci a sayar. Tun kafin a ci shari'a ko a faɗi, kuɗin lauya da zaryar kotu sun gama gajiyar da mai jarida, sauran editoci kuma sun ga aya, sun ja baya daga binciken masu mulki.

Dattawan fadama sun san wani abu kuma. Kafin su ɗora wa makiyayi laifi sukan duba ko gonar ta ci burtali ko ta toshe mashaya. Wanda ya yi shuka a kan hanyar shanu ba ya kuka in an taka. Baitulmali da kwangilar gwamnati da kasafin kuɗi burtali ne na jama'a; ɗan jarida yana da ikon bi ta nan ya yi tambaya, ko da tambayar ta yi wa mai kujera zafi.

Ingila ta sha wannan gardama. A 1989 kotu ta ba Lord Aldington diyyar fam miliyan 1.5 a kan marubuci Nikolai Tolstoy. A 1995 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce kuɗin ya wuce kima, dole diyya ta yi daidai da cutarwar da aka yi. Dokar ɓata suna ta 2013 ta ƙara sharaɗi: sai mai ƙara ya nuna maganar ta yi wa sunansa mummunan lahani, ko tana iya yi.

Ɗan jarida ma yana da nasa nauyin. Makiyayin da ya saki shanu da daddare ya kwanta barci ba shi da bakin magana da safe. Wanda ya buga zargi bai tantance ba, bai kuma nemi jin ta bakin wanda ake zargi ba, shi ya buɗe wa ɓarna hanya. Magana zarar bunu ce. Idan ta tabbata ƙarya ce, ya janye ta a fili daidai inda ya buga ta, ya ba da haƙuri, ya biya gwargwadon laifinsa.

Kiranmu ga alƙalai shi ne su fara tabbatar da ɓarnar, su auna ta, su yanke diyyar da za ta wanke wanda aka zalunta ba tare da ta rufe gidan jarida ba, kuma kada su bari shari'a ta yi shekaru. Mai mulkin da ya shigar da ƙara don tsoratarwa kawai, a ɗora masa kuɗin ɗawainiya mai nauyi.