Maganar Ofis: A Faɗa Mana A Fili

Yau zancenmu a kan irin maganar da ake cika takardun ofis da ita ne, da saƙonnin banki da na kamfanoni masu shigo mana ta waya.

Duk mai sauraron sanarwa ta san kalmomin nan: "masu ruwa da tsaki", "inganta ayyuka", "duba yiwuwar", "nan ba da jimawa ba". Hausa ce mai kyau, amma an yi ta juya su har sun suɗe kamar tsohon kwabo. "Ci gaba mai ɗorewa" kuwa, tun 2015 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara muradunta 17, kowace ƙungiya sai ta liƙa shi a takardarta, ko da rijiya ɗaya za ta yashe.

Da abin ya tsaya ga gundura, da sai mu yi haƙuri. To, amma akan ɓoye mugun labari a cikin romon baka. Banki ya rubuto wai "an sake fasalin kuɗin hidima", ashe abin da za a cire miki ne ya ƙaru. Makaranta ta ce "an daidaita kuɗin zango", ashe ƙari aka yi. Kamfani ya ce zai "sake tsarin ma'aikata", sai ga maigida da takardar sallama. Mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta dangwala yatsa a takardar rance mai shafi huɗu, ba ta ji inda aka faɗi abin da za ta biya duk wata ba, kunya kuma ta hana ta tambaya.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A Ingila akwai wata mata, Chrissie Maher, wadda ba ta iya karatu ba sai da ta zama budurwa. A 1979 ta kwashi takardun gwamnati masu wuyar ganewa, ta yayyaga su a dandalin majalisar ƙasar a Landan, ta kuma kafa ƙungiyar neman a riƙa rubutu a sauƙaƙe. A Amurka ma, a 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa ofisoshin gwamnatin tarayya su rubuta wa jama'a abin da za su gane.

Saboda haka, uwargida, duk takardar da aka miƙo miki, yi mata tambaya uku: Nawa ne? Yaushe ne? Wa zai yi? In ba ta amsa ba, kada ki sa hannu sai ma'aikacin ya yi miki bayani da bakinsa. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma 'yan makaranta, gobe ku ne akawuna da sakatarori. In za ku rubuta wasiƙa, ku rubuta yadda in an karanta wa kakarku za ta gane a karo ɗaya. Allah Ya sa mu dace, amin.