Makarantar Larabci a Birnin New York: Su Wa Suka Cika Ajujuwanta?

A watan Satumba na shekarar 2007 hukumar ilmi ta birnin New York a Amurka ta buɗe wata 'yar ƙaramar makarantar gwamnati a unguwar Brooklyn, aka raɗa mata sunan Khalil Gibran, marubucin nan Kirista ɗan ƙasar Lebanon wanda ya rasu a birnin a 1931. Ta fara da yara wajen 60, dukkansu 'yan aji shida. Nufin waɗanda suka kafa ta shi ne rabin ɗalibai su zama waɗanda suka tashi da Larabci a gida, rabi kuwa waɗanda ba su taɓa jinsa ba, domin kowane ɓangare ya koyi harshen ɗan'uwansa.

Wanda duk ya sha wuyar nahawu da sarfu ya san hikimar wannan tsari. Abin da malami zai shekara yana cusa wa yaro a allo, abokin wasa zai sa masa shi a baki cikin 'yan watanni.

To, amma tun ba a buɗe ƙofa ba rigima ta tashi. Wasu mutane suka kafa ƙungiya suna cewa wai madarasa ce za a buɗe da kuɗin jama'a, alhali kuwa dokar ƙasar ba ta yarda a karantar da ibadar wani addini a makarantar gwamnati ba. Shugabar farko, Malama Debbie Almontaser, haifaffiyar Yaman, aka matsa mata ta sauka a watan Agusta, bayan wata jarida ta tambaye ta ma'anar kalmar "intifada" ta kuwa fassara ta bisa asalinta a lugga. Aka naɗa wata a madadinta wadda ba ta jin Larabci. A 2010 hukumar tarayya mai duba ƙarar nuna bambanci wurin aiki ta ce lalle an zalunce ta, amma kujerar ba ta dawo mata ba.

Masu karatu su lura da abin da ya biyo baya, domin a ganina nan ne babbar ɓarnar take. A 2008 aka ɗauke makarantar aka kai ta wani gini nesa da inda Larabawa suka fi zama. Wane uba ne zai tura ɗansa mai shekara 11 doguwar tafiya kullum, zuwa makarantar da jaridu suka sa a gaba? Sai ya zamana mafi yawan ɗalibai baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, masu Larabcin gida kuwa 'yan ƙalilan. Yaran da suka zo ba su da laifi ko kaɗan. Abokan hirar da aka yi musu alkawari ne ba su samu ba.

Ganin masu neman shiga sun yi ƙaranci, sakamakon jarrabawa kuma bai yi kyau ba, a 2011 hukuma ta yanke shawarar rufe ƙananan ajujuwan. A 2012 aka mai da ita babbar sakandare, aka komo da ita kusa da titin Atlantic, inda Larabawa suka daɗe da kantunansu.